Kebul ɗin USB zuwa RS-232 mai FT232R: ya ci kuɗinsa

Har yanzu a Sakkwato sikelin auna tirela, injin gwajin jini da wasu inbatoci ta soket mai fil tara, wato RS-232, suke magana da kwamfuta, sababbin kwamfutoci kuwa ba su da shi. Dole sai an sa kebul a tsakani, kuma ingancinsa yana ga ƙwayar lantarkin da ke cikin kansa.

Mai ƙwayar FT232R ta kamfanin FTDI shi ne abin saye. Direbansa, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, mai suna ftdi_sio, ya haura shekara 20 a cikin zuciyar Linux, ana kuma ci gaba da kula da shi. Kana sokawa zai fito a matsayin /dev/ttyUSB0. In ya hana ka shiga a Ubuntu, saka sunanka cikin rukunin dialout, rukunin masu izinin amfani da irin wannan soket, ka fita ka sake shigowa. Babban alherinsa shi ne kowace ƙwaya tana da lambarta, don haka sunanta a /dev/serial/by-id ba ya canzawa ko an ɗauke wuta. Yawancin kebul masu wata ƙwayar daban, CH340, ba su da wannan lamba: ka haɗa biyu, gobe na sikeli ya koma na inbata. A Ubuntu 22.04 ma manhajar brltty, ta na'urar karatun makafi, tana ƙwace masu CH340 ɗin, sai an cire ta.

Mai FT232R ma yana da nasa aibin. Yakan riƙe ɗan bayani har milisakan 16 kafin ya miƙa, abin da ke sa wasu tsofaffin injuna su yanke magana. Maida latency_timer, saitin wannan jinkirin, zuwa 1, ya wuce. Ba ya kuma raba wutar injin da ta kwamfuta, saboda haka inda ake sauyawa tsakanin janareto da sola ba tare da wayar ƙasa mai kyau ba, a ƙara masa abin raba wuta. Jabu ma sun cika kasuwa, wasu ba sa fitar da bolt 3 zuwa 15, sama da ƙasa da sifili, da RS-232 ke buƙata.

Kafin ka biya, malam, haɗa fil na 2 da na 3, buɗe minicom, manhajar aika rubutu ta kebul ɗin, kashe RTS/CTS, saitin jiran izini kafin aikawa, ka yi rubutu. Abin da ka buga ya dawo maka daidai. In ya dawo amma injin ya yi shiru, duba saurin aika bayani da tsarinsa, galibi 9600 8N1 ne, sannan ka gwada wayar da ta musanya 2 da 3. Lokacin hunturu a riƙa busa ƙurar soket ɗin, a ɗaure sukurorinsa biyu.