Sai da kayan fata a intanet daga Sakkwato: inda na ga amfani da inda na janye

Salamu alaikum 'yan uwa masu ƙaramar sana'a. Mutane na yawan tambayata wai ina ya fi dacewa mutum ya sa kayanshi a intanet, Jumia ko Jiji ko Facebook ko mi, to bari in faɗi abin da na gani da idona. Ni kayan fata nake saidawa nan cikin garin Sakkwato, takalma da jakunkunan mata da walat da tim-tim, kawuna baduku ne shi da yaranshi suke ɗinkawa ni kuma in nemo masu saye. Ba sha'awa ta kai ni harkar nan ba, gobarar babbar kasuwa ce ta watan Janairun 2021, rumfar da muke aje kaya na cikin waɗanda wuta ta ci, munka wayi gari ba rumfa ba jari sai ɗan abin da ya rage gida wurin ɗinki, sai kuma wayata.

Kowa da manyan kasuwanni yake fara mafarki, nima haka. Jumia da Konga duk a 2012 sunka fara a Legas, kuma tsarin irinsu a fili yake, su ne ke kawo mai saye, su karɓi kuɗɗi, su kai kaya, su cire kamasho, sannan su biya ka bayan kaya sun isa hannun mai shi. Ga wanda ke da katan-katan na caja ko agogo iri ɗaya kala ɗaya, wallahi hanya ce mai kyau. Amma na gwada wata kasuwa mai irin wanga tsari wata uku, ba sai na kama suna ba, na gane ba don irina anka gina ta ba. Aikin hannu ne muke yi, fata biyu ba su taɓa shan rini daidai, wata ja ɗinta ya fi duhu wata ya fi haske, sai wata mata ta maido jaka wai ba kalar hoto ba ce, jakar ta yi sati uku tana yawo a hanya ta dawo min da ƙarce a gefe. Kuma abin da ya fi ci min rai, waɗanda sunka saya sunka ji daɗi ba ni da wata hanyar sake yi musu talla, kwastoman kasuwar ne ba nawa ba. Ƙaramin jari ba ya jure jira, kawu na son kuɗɗin fata da zare ranar da ya gama aiki, ba bayan sati biyu ba.

Jiji daban take, allon talla ce kawai. A 2014 ta fara, a 2019 ta saye harkar OLX, wani allon talla irinta, a Najeriya, shi ya sa kusan duk mai neman kaya ta hanyar talla can yake leƙawa. Sa kaya kyauta ne, in kana son tallarka ta hau sama sai ka biya, shawarata ka fara da na kyauta ka ga ko wayarka za ta yi ƙara tukuna. Mai saye kai tsaye yake kiranka ku yi ciniki kamar a bakin rumfa, kuɗɗi da kai kaya kuma tsakaninku ne. Ta nan na samu wani mai shago a Ibadan da har yau yana sarar takalma dozin-dozin wurinmu. Sai dai ka shirya amsa "nawa ne gaskiya" sau ashirin kafin mutum ɗaya ya saya.

Tunda maganar kuɗɗi ta zo, don Allah kada ku saki kaya don an turo muku hoton rasit. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 kowa ya koma tiransifa, alat na makalewa, wani ya kira ni da murya mai ladabi yana ta Alhaji Alhaji, ya ce ya tura kuɗɗin tim-tim biyu ga shaida, mota za ta tashi in hanzarta. Na kai tasha. Har yau kuɗɗin ba su shigo ba. Da na faɗa ma kawu bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi "ɗana, kwana tara na yi kansu", wanga magana ta fi min zafi bisa asarar. Tun ranar sai na buɗe asusuna na ga kuɗɗi zaune sannan kaya su bar gida, ko waye.

Inda na fi samun sabbin mutane shi ne Facebook da TikTok da Instagram, kuma ba hoton kaya zalla ke jawo su ba, bidiyon aiki ne. In ɗauki kawu shina yanka fata ko shina ɗinki da basilla, in yi bayani cewa fatar jar akuyar Sakkwato ce, wadda tun zamanin ayari ake ketare Sahara da ita har Turawa sunka ɗauka ta Maroko ce suke kiranta da sunan can. Mutane na son jin haka, musamman matan Abuja da Kaduna. Amma duk wanda ya yi min magana can, WhatsApp nake jawo shi.

Don ni WhatsApp Business ita ce ainihin rumfata yanzu. Kyauta ce, akwai katalog da za ka jera kaya da farashi, akwai alamar da za ka sa ma kowa, wanga ya biya, wanga ana jiranshi, wanga kayanshi na hanya, sannan ga sitatus da safe da bayan isha'i. Lambar kwastoma na hannunka, kuma wannan shi ne abin da nake fara dubawa a duk wata kasuwa da anka tallata min. Akwai wata Hajiya a Abuja, jaka ɗaya ta fara saya, yanzu in za ta aurar da ɗiya ko ƙawarta za ta yi biki sai dai in ji "ɗana, a haɗa min takalma goma sha biyu", in ce to Hajiya an gama. Ba kamasho ba jira. Na tura mata bidiyon ainihin jakar cikin hasken rana ta gani ta yarda, maganar kala ta mutu.

Na kuma buɗe ɗan shagon intanet na Paystack, kamfanin karɓar kuɗɗi ta intanet, Flutterwave ma irin kamfanin ne kuma na da irinshi, buɗewa kyauta sai ɗan abin da suke cirewa in an biya. Yana da amfani ga mutanen kudu masu son biya da kati waɗanda ba su yarda su tura kuɗɗi asusun mutumin da ba su sani ba. Amma a sani ba ya kawo kowa da kanshi, rumfa ce a bayan gari, sai wanda ka nuna ma hanya. Rajistar sunan sana'a da na yi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ma ta taimaka sosai, mai saye na ganin sunan sana'a bisa asusu sai hankalinshi ya kwanta.

Sai babbar matsalarmu mu 'yan Sakkwato, nisa. Legas kusan kilomita 1,000 ce, ta Jega da Yawuri da Kwantagora da Jebba, kuma tun da anka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗɗin weybil, wato aiken kaya a mota, sunka yi sama, walat ɗaya wani lokaci kuɗɗin aikenshi na neman kamo kuɗɗinshi. Shi ya sa duk kasuwar da anka kawo min sai na zauna da biro, kuɗɗin fata, ladan ɗinki, kamasho, kwali da leda, kuɗɗin mota, data, in ga mi ya rage, in kuma tambaya kwana nawa kafin kuɗɗina su dawo. Yanzu ina faɗa ma mai saye kuɗɗin weybil tun kafin mu gama ciniki, ina tara aike Litinin da Alhamis, a tasha in ɗauki hoton mota da lambar direba in tura mai. Ƙananan kaya kuma na daina aika su kudu ɗaya-ɗaya, sai in mutum zai ɗauki uku ko ya haɗa da jaka.