Sharhi: LM2596 na Terminus yana sauke wuta, amma ya ɓata hoto

Na sayi ƙaramin allon LM2596 ɗin nan mai launin shuɗi a kasuwar Terminus ta Jos don ya sauke min wutar batirin sola daga 12V zuwa 5V, in ba akwatin HDMI2AV da ke kai hoton dikoda kan tsohuwar talabijin mai doro. Wutar da ke zuwa ta wayar HDMI kaɗai ba ta riƙe akwatin, hoto sai ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, dole a ba shi tasa ta ramin USB.

Wajen sauke wuta ba ni da ƙorafi. Sai dai kada ka kuskura ka jona komai kafin ka sa mita, domin nawa daga leda 11V da wani abu yake fitarwa, wanda zai kashe akwatin nan take. Sukurun saitin kuma sai ka murɗa shi hagu fiye da sau goma kafin lambar mita ta motsa, har ka ɗauka ya mutu. Da ya zauna a 5.1V bai sake gocewa ba, ko da rana tsaka da caji ya kai batiri 14.4V.

Sai hoto ya fito. Wasu siraran layuka a karkace suna tafiya a hankali, kamar saƙar tabarma, sun fi fitowa inda hoton ya yi duhu. Na duba makunnin zaɓen tsarin hoto na PAL da NTSC da ke jikin akwatin, yana kan PAL yadda ya kamata. Na canza wayar rawaya mai kai hoto talabijin, duk ɗaya. Da na cire allon na sa cajar waya mai kyau, layukan suka ɓace ƙaf. Ashe wutar ce ba ta da tsabta. Siginar da ke bin wayar rawaya duk ƙarfinta 1V ne, ɗan rawar wuta kaɗan ya isa ya bayyana a fuskar talabijin.

Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. LM2596 na gaskiya a 150kHz yake aiki, wato yana kunna wuta yana kashewa sau dubu 150 a daƙiƙa, wannan kuwa da aka ɗora shi a kan osiloskop, na'urar da ke nuna rawar wuta, wajen 50kHz ya nuna, irin gudun wani samfurin daban mai suna LM2576. An dai buga masa suna ne kawai. Kafasitocin da ke kai, masu tace wutar, su ma na arha ne.

Gyaran bai ci kuɗi ba. Na liƙa kafasita 470µF mai ƙarancin ESR (turjiyar cikin kafasita) da ƙaramar seramik 100nF a bakin fitar wuta, na sa koyil 10µH a layin jan waya da wata 220µF bayansa, na rage wayar zuwa taƙi ɗaya, sannan na nesanta allon da wayar rawaya. Hoto ya wanke, sai ka matso sosai za ka ga ɗan saura.

To yanzu ina amfani da shi, kuma ya fi 7805 sanyi, wato 'yar na'urar sauke wuta zuwa 5V wadda za ta ƙone 7V ɗin da ya rage ta mayar da shi zafi. Amma 3A da aka rubuta a jikin ledar, a bar ta a leda. Na gwada shi a 1.5A, ko da sanyin safiyar Jos yatsa ba ya iya zama a kansa don zafi.