Gargaɗi: a yi hattara da masu sayar da wayar Cat6A ta jabu da takardar gwajin ƙarya

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman masu makarantu, cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta da ofisoshi. Sana'ata ke nan ja da haɗa wayoyin kwamfuta, kuma abin da na gani a makon jiya ya hana ni yin shiru.

An kira ni wani ofishi a nan Kano. Sun sayi na'urorin da ke aika bayanai da gudun gigabit 10 a daƙiƙa, sun biya wani ɗan kwangila ya ja musu waya, amma layin sai ya riƙa yankewa, wani lokaci ya sauka zuwa gigabit 1. Mai gidan ya miƙo mini takardar da aka ba shi, shafi bayan shafi, kowace waya wai ta ci gwaji. Ina dubawa na ga tsawon wayoyin duk ɗaya ne, ta ɗakin da ke kusa da ta ƙarshen bene. Kwanan watan kuma ya riga ranar da aka fara aikin. Takardar wani wuri ce aka sauya mata suna.

Na tambaye shi ko ya ga gwajin da idonsa. Ya ce ƙwarai, an soka waya a wata 'yar na'ura, fitilu takwas suka kama bi da bi. To a nan damfarar take. Wannan 'yar na'urar ba abin da take faɗa sai cewa silin waya takwas ɗin sun isa ɗaya bakin a jere. Ko wayar banza ce za ta kunna fitilun nan.

Matsalar da ke kashe gigabit 10 daban ce. Idan aka ɗaure wayoyi da yawa dami guda suka yi tafiya mai nisa a manne da juna, saƙon da ke gudu a cikin wata yakan yi katsalandan a maƙwabciyarta. Na'ura tana iya share hayaniyar da ke tasowa daga cikin wayarta, don ta san abin da ta aika. Amma wadda ta shigo daga wata wayar ba ta san ta ba, ba ta da yadda za ta yi da ita. Shi ya sa bayan fitowar ƙa'idar IEEE 802.3an, wadda ta tsara gudun gigabit 10 a kan irin waɗannan wayoyin, a 2006 aka koma kan nau'in wayar Cat6A, mai ɗaukar megahaz 500 (ma'aunin ƙarfin ɗaukar saƙo) har mita 100. Cat6 kuwa, nau'in da ya gabace ta, a 250 ta tsaya, kuma a wannan gudun ba ta wuce mita 55, idan damin ya yi cunkoso ma a mita 37 ake tsayar da ita. Gwajin gaskiya shi ne a ɗauki waya ɗaya a tsakiyar dami, a auna abin da na kewaye da ita ke zuba mata. Masu ƙera waya kuwa, wayoyi shida suke zagaya wa ɗaya. Aiki ne mai cin lokaci, da manyan na'urori irin DSX na kamfanin Fluke Networks, kuma sakamakon yana fita a takarda da sunan PS ANEXT. A takardar mutumin nan babu wannan layin ko a shafi ɗaya.

Da na yanko guntun wayar na kankare da reza, sai fari ya bayyana. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, abin da ake kira CCA, wanda ƙa'idar TIA-568 ta ja da haɗa wayoyin kwamfuta ba ta yarda da shi ba sam. A bayan wayar kuwa an buga Cat6A ɓaro-ɓaro. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kyamarorinsu ta wannan wayar suke shan wuta. Alminiyam ya fi jan ƙarfe yin zafi idan wuta na bi ta cikinsa, ga shi an ƙulle wayoyin tamau a cikin silin ɗaki.

Don Allah kafin ku biya, ku sa a buɗe kwalin mita 305 ɗin a gabanku, ku kankare sili ɗaya, ku kuma kara masa wutar ashana: na jabu nan take yake lanƙwashewa. Ku rubuta a yarjejeniya cewa za a yi gwaji kuna tsaye, a ba ku ainihin fayil ɗin da na'urar ta fitar tare da lambarta, ba takardar da aka buga a shago ba. Ku riƙe cikon kuɗi sai an yi hakan.

Mai ofishin nan ya riga ya biya duka. Lambar ɗan kwangilar a kashe take tun ranar da aka gaya masa an kira wani ya duba, mu kuma ranar Asabar za mu fara zare wayoyin daga silin.