Garejin da suka yi min aikin injin 350Z a Agege, da maganar mayar da tsohon metal

Masu tambaya ta inda aka sauke min injin Nissan 350Z ɗin nan, toh ga bayani. Wani gareji ne a cikin Agege, ba allo ba komai sai dai a kwatanta maka, zan faɗi aikinsu yadda na gani, da mai daɗi da mara daɗi.

Motar tana shan baƙin mai ne tana hayaƙi, ringi ya gaji, ba wai injin ya buga ba, a riƙe wannan domin duk maganar a kansa ta rataya. Amma tunda an buɗe inji har ƙasa dole maganar metal ɗin kiranshaf ta taso (metal su ne ƙarafan nan masu lanƙwasa da kiranshaf, babban sandar da fistin ke juyawa, ke zama a kansu), a mayar da tsohon ko a sa sabo. Kowa ka tambaya zai ce maka sabo mana, me ake jira. Da na faɗa wa ogan garejin haka sai ya ce "Alhaji, sabon daga ina?" Kuma wallahi yana da gaskiya, duk wanda ya saba shiga kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo a Mushin ya san akwai na gaske akwai jabu, kwalinsu iri ɗaya, ga shi kuma injin nan VQ35DE ba a sa mishi metal da ka, Nissan na buga lambobi a jikin bulok da jikin kiranshaf, da su ake gane kaurin da ya dace da kowane gurbi, kuma bambancin kaurin nan ko silin gashi bai kai ba.

Inda suka burge ni shi ne awo. Yawancin makanikai shafawa za su yi da yatsa su ce yana da kyau a mayar. Shi wannan sai da ya sa yaransa suka jera metal ɗin a kan kwali kowanne da lambarsa, na sama daban na ƙasa daban, saboda kowanne ya riga ya zauna da gurbinsa, in ka cakuɗa su ka ɓata lissafi. Ya auna kiranshaf da maikiromita, sannan ya ɗauko Plastigage, wani siririn zare ne na roba da ake ɗorawa a kan kiranshaf a ɗaure da sifana mai awo a kwance, faɗin da zaren ya baje shi ne zai nuna maka ratar da ke tsakani. A manyan metal na wannan injin, wato waɗanda ke riƙe kiranshaf a jikin bulok, ratar wajen 0.04 mm ake nema. Dalili kuwa kiranshaf ba ya gogar metal in inji na aiki, a kan baƙin mai yake juyawa, in ratar ta yi yawa ƙarfin man sai ya faɗi musamman in ya yi zafi ya tsinke, kuma mu nan Legas ai zafin ne kullum, ka tsaya a gosulon Oshodi ko gadar Third Mainland inji na ta dahuwa ba iska.

Manyan guda huɗun duka sun faɗa cikin awo, ba ƙarzuwa ba tabo, ya ce a mayar da su. Na konrod kuwa, wato sandunan da ke haɗa fistin da kiranshaf, guda shida ya ƙi sam, ya ce su ne ke shan dukan fistin, motar da ake kai ta sama da juyi 6,000 a minti ɗaya ba a yi mata rowa a nan, dama wasunsu sun fara nuna ci. Da lambar shasi muka yi odar na asali daga waje. Ya kuma ce da injin bugawa ya yi, ko an ga garin ƙarfe a cikin mai, ko metal ya juya a gurbinsa, ko an kai kiranshaf wajen mai tona an rage 0.25 mm, toh tsohon metal sai bola, babu wata tattaunawa. Ni dai da na asalin na nan a hannu da duka zan canza hankalina ya kwanta, amma tsakanin tsoho na kamfani da aka auna da sabon da ban san asalinsa ba, na bi bayansa.

Saura inda suka gaza. Wurin akwai ƙura sosai, sai da na matsa kafin a rufe buɗaɗɗen inji da leda, abin da bai kamata a ce sai an faɗa musu ba. Ogan ba ya ɗaga waya, in kana son sanin inda aka kwana sai ka je da ƙafarka. Rasit babu, awon ma a bayan kwali ya rubuta, hoto na ɗauka da waya. Kuɗin aikinsu kuma ba sauƙi, kar ka je da tunanin farashin Corolla. Layin shiga garejin in an yi ruwa ba na mota mai ƙasa-ƙasa ba ne, tawa sai da ta kartu a ciki.

Tun da na karɓo ta dai fitilar mai na mutuwa nan take in na tayar da safe, ba wata ƙara daga ƙasa, hayaƙin ma ya ɗauke. Ya ce kar in taka ta da ƙarfi tukuna, kuma in dawo da wuri a yi juyen mai a yanka filta a duba ciki.