Gwamnati Mai Taƙaitaccen Iko Ko Mai Cikakken Iko?

Muhawara ce da ke yawan tasowa a majalisun hira na Katsina da Daura: shin ƙasa ta fi gyaruwa idan gwamnati ta sakar wa mutane mara, ko kuwa idan ta riƙe komai da ƙarfi?

Masu ra'ayin farko suna cewa aikin hukuma bai wuce tsaron rai da dukiya da yanke shari'a ba, domin mai mulki ɗan Adam ne, kuma son zuciyar da ake tsoro a wurin ɗan kasuwa ba ya barin mutum don ya hau kujera. Hujjarsu tana da nauyi a wannan yanki. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, umarni ɗaya daga Abuja ya tsayar da fataucin Jibiya da Kwangwalam, shinkafa ta yi tsada, direbobi da 'yan dako suka zauna hannu rabbana, kuma ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020.

Ɗaya ɓangaren kuwa suna nuni da ƙauyukan Batsari da Ƙanƙara, inda janyewar hukuma ba ta haifar da 'yanci ba, sai harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa manomi kafin ya shiga gonarsa. A wurin masu wannan ra'ayi raunin hukuma ne ke durƙusar da ƙasar.

Ni na fi karkata ga na farko, ko da yake ba su cika bayyana wanda zai gina asibitin ƙauyen da ɗan kasuwa ba ya hango riba a cikinsa ba.