Gidan kallon da ya ware mana kusurwa don gasar gudu ta Glasgow

Ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare a Kano, kuma tun ina ɗalibi nake gudun mita 400. Da aka sanar za a yi gasar duniya ta guje-guje da tsalle-tsalle ta cikin rufaffen fili a birnin Glasgow na ƙasar Scotland, daga 1 zuwa 3 ga Maris 2024, sai na bazama neman inda zan kalla. Gidajen kallo uku na zaga, amsa ɗaya nake samu: "Malam, mu nan ƙwallo muke sawa." A na huɗu, wanda ke bayan masallacin unguwarmu, mai gidan ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, in dai za ka zo da mutum biyar, akwai ƙaramar talabijin can kusurwa, taku ce." Na zo da ɗalibaina bakwai.

Wurin rumfar kwano ce mai benci kusan goma sha biyu, da manyan talabijin biyu a gaba, sai tamu a gefen dama kusa da mai sayar da ruwan leda. Kuɗin shiga daidai da na ƙwallo ya karɓa, bai ƙara ko kwabo ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ya sa yaronsa ya jona mana ƙaramar sifika. Wanda bai san gudu ba zai ɗauka hoto ya isa, amma tseren mita 60 da kunne ake fara kallonsa. Filin kan yi tsit, a ji ƙarar bindiga, kafin ka gyara zama an gama.

A nan ne kuma wurin ya ba ni haushi daren Juma'a. Ana jera maza a layi don wasan ƙarshe aka ɗauke wuta. Kafin yaro ya tada janareta, dikoda ta dawo hayyacinta, Christian Coleman ya riga ya lashe da daƙiƙa 6.41, Noah Lyles na biye da shi da 6.44. Maimaici muka gani. A ƙwallo in ka rasa minti biyu ba ka rasa komai ba, a nan kuwa duk abin da ka biya kuɗi dominsa ya wuce. Coleman ɗin nan shi ke riƙe da tarihin duniya na 6.34 tun 2018, kuma yarana sun kwana biyu suna ɗokin ganin tashinsa. Na faɗa wa mai gidan ɓacin raina ba ɓoye-ɓoye. Bai yi musu ba. Washegari tun kafin a fara ya mayar da mu kan janareta, ko da yake akwai wuta.

Daren Asabar shi ya biya mu. Kafin tseren mata na mita 400 na zana wa yara filin a bayan wata takarda: zagayen mita 200 ne, rabin na waje, kwanoninsa a karkace kamar bakin tasa, saboda haka sau biyu za a zaga. Bayan kwana ta biyu kowa na iya barin layinsa ya gangaro ciki, kuma wadda ta riga kama layin ciki ta ci rabin yaƙi, don mai son wuce ta sai ya bi ta waje ya ƙara wa kansa tafiya. Haka Femke Bol ta Holan ta yi. Ta kama gaba, ba ta saki ba, agogo ya tsaya a 49.17, sabon tarihin duniya. Na tashi tsaye ban sani ba. 'Yan kallon ƙwallo suka juyo suna tambayar me ya faru, na ce musu tarihin da Jarmila Kratochvílová ta kafa a 1982, wato 49.59, ya shekara 41 ba wanda ya taɓa shi sai da yarinyar nan ta zo a 2023, ga shi yanzu nata take gogewa. Hoton talabijin ɗin tas yake, har lambobin da ke ƙasan allo ana karantawa daga benci na uku. A daren ne kuma Julien Alfred ta ƙaramin tsibirin Santa Lusiya ta ci mita 60 da 6.98.

Lahadi na zo da fargaba, don ranar Manchester City da United ce, rumfar ta cika maƙil, zafi da hayaƙin janareta sun haɗu. Fankoki biyu kacal ke aiki, wannan gyara ne da ya kamata a yi. Amma mai gidan ya riƙe alkawari. Wani ya nemi a canza tashar kusurwa don jin sharhin bayan wasa, ya ce masa, "Ɗan'uwa, yi haƙuri, wannan ta Malam ce da yaransa." Da haka muka ga Devynne Charlton ta Bahamas ta kafa tarihin 7.65 a tseren tsallake shinge na mita 60. Sai gudun miƙa sanda na maza, mutum huɗu kowa mita 400, inda Alexander Doom na Beljiyam ya karɓi sanda a baya ya cim ma Ba'amurke dab da layi. A lokacin mutum ya fi ashirin a bayanmu, wasunsu da rigar City a jiki, suna ihu. Ɗaya ya tambaye ni ko Najeriya ta taɓa cin irin wannan. Na ce ƙwarai: Sunday Bada ya ci zinaren mita 400 a Paris a 1997, Olusoji Fasuba kuma na mita 60 a Valencia a 2008. Ya ce bai taɓa jin sunansu ba.

Wanda zai je, ya zo da wuri ya kama benci na biyu ko na uku, ya kuma tuna wa mai gidan zancen janareta tun kafin a fara. Ni dai na riga na gaya masa zan dawo da yara a gasa ta gaba, ya ce kusurwa tana nan.