Ɗinkin awo da ɗinkin kanti a Faransa: yadda hoto ya karɓi gurbin zane

Malama, kin tambayi dalilin da ya sa zanen hannu ya yawaita a mujallun ado na Faransa na shekarun 1940 da 1950, alhali na bayansu hotuna ne kusan zalla, da kuma ko hakan na da nasaba da yaɗuwar tufafin da ake saya a ɗinke. Nasabar tana nan, kuma za ta fi fitowa idan aka jera nau'ikan ɗinkin biyu.

Ɗinkin awo, wanda Faransawa ke kira haute couture, sana'ar manyan gidajen ɗinki ce na birnin Paris. Mace takan zaɓi samfurin da ta gani a wurin baje koli, a ɗauki awonta, sannan ta riƙa komawa gwaji har rigar ta zauna mata, kuma yawancin aikin da hannu ake yin sa. Ke nan a lokacin da take duba mujalla, rigarta ba ta wanzu ba tukuna, fasali kawai ake tallata mata, kuma a nan ne alƙalamin mai zane ya fi kyamara amfani. Lokacin da mai tsara tufafi Christian Dior ya fito da kayansa na farko a ranar 12 ga Fabrairun 1947, abin da ya ɗauki hankalin jama'a shi ne matsattsen ƙugu, da kafaɗa mai laushi, da siket mai cin yadi bayan shekarun yaƙi da aka yi ana tsimin ƙyalle. René Gruau, mai zanen kayan ado haifaffen Rimini ta Italiya, yakan kama irin wannan fasali da layi ƙalilan na baƙar tawada da ɗan ja, ya bar sauran takardar fara, mai kallo ya cike gurbin da idonsa. Gidajen ma sun kasance masu tsoron a kwaikwayi aikinsu, har sukan hana buga sababbin samfura sai bayan wasu makonni.

Ɗinkin kanti, wato prêt-à-porter, lissafinsa daban ne. Ana yanka yadi bisa lambobin girma da aka tsayar, a ɗinka da yawa a masana'anta, a rataye a jira mai saye. Gaby Aghion, wadda aka haifa a Iskandariya ta Masar, ta kafa Chloé a 1952 domin sayar da kaya masu kyau ba tare da wahalar gwaji ba; mai tsara tufafi Pierre Cardin ya kai nasa kayan babban kantin Printemps a 1959; Yves Saint Laurent kuma ya buɗe shagon Rive Gauche a 1966. Matar da za ta saya a nan tana son ganin ainihin rigar da za ta biya wa kuɗi, maɓallanta da tsawonta da yadda take sauka a jikin mutum, kuma zanen da ya ƙara wa wuya tsawo ya rage wa ƙugu faɗi ba zai gamsar da ita ba. Mujallar Elle, wadda Hélène Lazareff ta kafa a 1945, ta jingina da hoton launi domin irin waɗannan masu karatu.

Sai dai ba zan ɗora wa ɗinkin kanti alhakin komai ba, domin hoto ya riga ya yi ƙarfi tun ɗinkin awo na tashensa. Hoton da Richard Avedon ya ɗauka a 1955 na wata mai tallar kaya tsaye tsakanin giwaye, rigar gidan Dior ce a jikinta. Abin da ɗinkin kanti ya yi shi ne janye masu sayen da zanen ke yi wa magana, har Balenciaga, ɗaya daga cikin manyan masu ɗinkin awo, ya rufe gidansa a 1968.

Gruau kuwa bai rasa aiki ba. Ya shafe shekaru da dama yana zana tallar turarukan Dior, tun daga Miss Dior, inda ya zana hannun mace a kan dagin damisa, tunda turare ba shi da maɓalli ko tsawon da mai saye za ta ce sai ta gani.